Ruwanmu na Jos a 96 yake tafasa, littafi kuma ya ce 100, wa ke da gaskiya?

'Yar Gangare:

Assalamu alaikum yayyena da malamaina, dan Allah ina da tambaya akan kemistiri, ni ɗalibar SS2 ce a nan Jos kuma abin ya tsaya min a rai. An kai mu lab muka yi firatikal na tafasa ruwa, aka zuba ruwa a bika, wato kofin gilashin nan na lab, aka ɗora a wuta aka tsoma tamomita, ma'aunin zafi, mu kuma aikinmu mu dinga rubuta lambar da ya nuna duk bayan minti ɗaya. Lamba tana ta hawa lafiya lau har ta kai 96 sai ta tsaya cak, ruwa kuwa yana ta tafarfasa tururi na tashi, muka ƙara wuta ma amma ko gezau. Kuma ba mu kaɗai ba ne, duk gurup ɗin ajin haka suka samu, babu wanda ya ga 100, alhali littafinmu ya rubuta ƙarara cewa ruwa a digiri 100 yake tafasa. Wasu kawai suka goge suka sa 100 wai kar a soke su, ni dai na bar tawa.

Toh me ya sa 96? Sannan tunda wuta tana ci ba a kashe ta ba, ina zafin yake tafiya da lambar ta ƙi motsi? Da na ba Mamanmu labari sai ta ce ai ita ta daɗe da lura wake ya fi cin lokaci a nan akan sanda suke Legas, shin akwai alaƙa ko dai wani abu ne daban? Na gode Allah ya saka da alheri.

Ɗan Dilimi:

Wslm ƙanwata, ni a ganina tamomita ɗin ne ya tsufa, ko kuma ruwan da kuka yi amfani da shi ba mai tsabta ba ne, in ruwan rijiya ne ko na 'yan garuwa ai akwai abubuwa a ciki da za su iya canza lissafin. Ki gwada da ruwan leda ki gani.

Malamin Kimiyya, Bukuru:

Wa alaikumus salam 'yata. Ki bar 96 ɗinki yadda take, ita ce daidai, kuma wallahi na ji daɗi da ba ki goge ba don abin da ma'auni ya nuna shi ake rubutawa. Ɗan Dilimi ƙanena, ba daga ruwan ba ne, da gishiri ne ko wani abu makamancinsa ya narke a ciki ai sama lambar za ta yi ba ƙasa ba, sannan tamomita ɗaya zai iya lalacewa amma da wuya na aji guda su taru su nuna lamba ɗaya kuma duk a ce sun lalace.

Littafin ma bai yi ƙarya ba, sharaɗi ne a ciki wanda yara suke tsallakewa wajen hadda. 100 ɗin nan sai idan iskar da ke danne saman ruwan ta kai nauyin ta bakin teku, wato kilofaskal 101.3 a ma'aunin danni, ko milimita 760 na zaiba (ƙarfen nan mai ruwa-ruwa, makyuri) kamar yadda za ki gani a littafin. Iska fa tana da nauyi, mun saba da ita ne shi ya sa ba ma ji. Ki duba buhunan dankalin Turawa da ake jerawa a kasuwar Farin Gada, buhun da ke can ƙasa shi ke ɗauke da nauyin duka, na tsakiya nauyin na samansa kawai yake ji. Legas tana ƙasan jerin ne, mu kuma Jos muna kan tudu wajen mita 1,200 sama da teku, don haka iskar da ke kanmu ba ta kai tasu ba, wajen kilofaskal 88 take.

Yanzu ina ruwan tafasa da wannan. Ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama ruwa ba a zaune suke ba, kullum motsi suke, kuma a kowane lokaci wasu daga na sama-sama suna kufcewa su shiga iska, shi ya sa shanya take bushewa da hunturu ba tare da an hura mata wuta ba. Wannan daga saman ruwan kawai yake faruwa kuma a hankali. In kika ɗora wuta motsin sai ya ƙaru, ƙarfin da tururin yake turowa da shi ma ya dinga ƙaruwa, amma muddin bai kai nauyin iskar da ke danne ruwan ba duk kumfar tururin da ta so haɗuwa a cikin ruwan sai a murƙushe ta. Da zarar ƙarfin tururin ya yi daidai da nauyin iskar shi kenan, kumfa za ta iya haɗuwa tun daga gindin tukunya ta taso ta fashe a sama, wannan ita ce tafasa. A Legas sai ruwa ya kai 100 yake samun wannan ƙarfin, a nan kuwa tunda dannin ya ragu, a 96 ya riga ya samu. Af, ƙananan kumfan nan da kike gani suna maƙale jikin bika tun ruwa bai yi zafi sosai ba, waɗannan iska ce da ta narke a ruwan take fita, ba tafasa ba ce tukuna.

Lissafin a saukake, duk hawan mita 300 ana rasa kusan digiri 1. Abuja da take tsakanin mita 400 zuwa 500 za ki samu 98 da ɗoriya, in kika hau can ƙololuwar duwatsun Shere da suka kai wajen mita 1,800 zai sauko wajen 94, a saman dutsen Everest kuwa wajen 70 kacal ruwa yake tafasa. Kina iya gwada abin a gida ma, ki samu sirinji sabo marar allura ki zuƙi ruwan ɗumi kaɗan wanda hannu zai iya jurewa, ki fitar da iskar ciki, ki toshe bakin da yatsa ki ja da ƙarfi, za ki ga ruwan yana tafasa a hannunki babu wuta, saboda kin rage masa danni.

Sai tambayarki ta biyu wadda ni ta fi burge ni. Zafin bai ɓace ba, aiki ya canza. Kafin tafasa, zafin da wuta take bayarwa yana ƙara wa ƙwayoyin saurin motsi ne, kuma wannan motsin shi tamomita yake aunawa. Da aka fara tafasa sai zafin ya koma ɓamɓare ƙwayoyin daga juna, don a cikin ruwa suna riƙe da juna ne, sai an kashe ƙarfi mai yawa kafin ɗaya ta rabu da 'yan uwanta ta zama tururi. Duk abin da kika ƙara na wuta can yake tafiya, tururi ya ƙaru lamba kuwa tana nan. Shi ake kira ɓoyayyen zafi, kuma wani masani ɗan Sukotland mai suna Joseph Black ne ya bayyana shi a Glasgow wajen shekarar 1761.

Ki ga girman abin da lamba. Ɗaga zafin kilo 1 na ruwa, wato lita 1, da digiri 1 yana cin kilojul 4.2, kilojul shi ne ma'aunin yawan zafin da aka kashe. In ruwan ya fara daga 20 zuwa 96 digiri 76 kenan, ki ninka da 4.2 ya ba ki kusan kilojul 320. Amma mayar da wannan litar tururi gaba ɗaya yana cin wajen kilojul 2,260, ninki bakwai fa kenan. Wato in wutarki ta tafasa ruwan a minti 5, sai kin jira sama da rabin awa kafin tukunyar ta ƙone ƙurmus. Shi ya sa ma ƙunar tururi ta fi ta ruwan zafi muni, don in ya sauka a fata ya koma ruwa duk wancan zafin da ya ɗauka a nan yake sauke shi.

Ƙanƙara ma haka take, tana narkewa lamba tana tsaye a 0 har sai ta narke duka, kilo 1 yana shan kilojul 334, kwatankwacin abin da zai ɗaga ruwa daga 0 zuwa 80, shi ya sa ɓari ɗaya yake riƙe kular zoɓo tsawon lokaci. Kuma ita narkewar ƙanƙara tudu bai cika shafarta ba, 0 ce a Legas 0 ce a Jos, don haka in kina son ki tabbatar da lafiyar tamomita ɗinku ki daka ƙanƙara ki zuba ruwa kaɗan ki juya ki tsoma shi, in ya nuna 0 lafiyarsa ƙalau.

Maganar Mama kuwa ta yi gaskiya, zafi ke dafa abinci ba tsallen kumfa ba, wake da yake nuna a 96 dole ya fi na 100 daɗewa, duk da dai tsufan waken ma yana da nasa tasirin.

Hajiya Mai Wake da Shinkafa:

Malam Allah ya ƙara basira, ni ban yi karatun nan mai zurfi ba amma bayanin ya shige ni sosai don ni kullum da tukunya nake kwana nake tashi, abinci nake sayarwa wajen Terminus. Yaran da suke taya ni da zarar an ce kwastoma sun fara zuwa wake bai nuna ba sai su ƙure gas har wuta tana lasar gefen tukunya, ruwa ya ƙone a ƙara wani, ya ƙone a ƙara, ga gas ɗin nan yadda ya yi tsada, kenan duk asara muke yi ba sauri muke ƙarawa ba? Sannan ina son a min bayanin gishiri don mun taso ana cewa yana sa ruwa saurin tafasa, kuma ni da idona ina gani in na watsa shi ruwan sai ya yi fuuu ya taso. Kanwa kuma fa, ita ai kowa ya san tana nunar da wake da wuri, ita ma zafin take ƙarawa? Na ƙarshe wanda ya fi damuna, ina da jika jaririya kuma ruwanta tafasa shi muke yi, in har namu bai kai 100 ba anya yana kashe ƙwayoyin cuta kuwa?

Ɗalibin Kemistiri, Jami'ar Jos:

Sannu da aiki Hajiya, Malam in ka yi min izini bari in ɗan taɓa wannan. Na jikar zan fara don hankalinki ya kwanta, ruwan yana da lafiya insha Allah, ƙwayoyin da ke kawo amai da gudawa da taifot suna mutuwa tun kafin a je ko kusa da 96, ki duba madarar kamfani ma a digiri 72 ake riƙe ta na daƙiƙa 15 don kashe su. Ki bari dai ya tafasa sosai kamar minti 1, a rufe shi ya huce a mazubi mai tsabta, don yawanci bayan an sauke ne ake sake gurɓata shi da kofi ko hannu.

Maganar ƙure wuta kuwa e Hajiya asara ce zalla. Tunda ruwa ya tafaso, ko wutar maƙera kika kawo ba zai wuce 96 ba, saurin ƙonewa kawai zai ƙara, kuma duk sanda aka ƙara ruwan sanyi an mayar da girkin baya sai an sake ɗaga shi. A ƙure wuta da farko har ya tafasa, daga nan a rage ta daidai yadda zai ci gaba da tafasa a hankali, a rufe da murfi mai kama baki, don tururin in ya bugi murfi ya koma ruwa yana dawo da wani ɓangare na zafinsa cikin tukunyar maimakon ya bi iska. In za a ƙara ruwa a ƙara mai zafi, kuma jiƙa waken tun dare yana rage lokaci sosai.

Gishiri ba ya sa saurin tafasa, hasali ma ɗaga lambar yake yi amma ɗan mitsitsi, sai kin zuba wajen giram 58 a lita 1, kusan manyan cokula uku kenan, kafin ki samu ƙarin digiri 1, kuma wannan ya fi ruwan teku gishiri ba mai iya cin abincin. Fuuu ɗin da kike gani ƙwayoyin gishirin ne suke ba kumfa wurin da za ta haɗu a jikinsu, shi ya sa take tasowa lokaci guda ta kwanta. Kanwa ita hanyarta daban ce kwata-kwata, ba ruwanta da zafi, sinadarin cikinta ne yake sassauta abin da ya ɗinke jikin waken har ya yi laushi da wuri, sai dai in ta yi yawa tana lalata wani ɓangare na bitamin B1 da ke cikinsa kuma tana canza ɗanɗano, don haka kaɗan dai.

Abin da zai ƙara zafin da gaske tukunyar fresha ce, mai murfin nan da ake kullewa tana huci. Ita tana tare tururi ne a ciki danni ya ƙaru, kin ga akasin abin da tudun Jos ya yi mana kenan, sai ruwan ya kasa tafasa har sai ya kai wajen 115 zuwa 120, wake da ganda da ƙafar saniya duk su nuna cikin ɗan lokaci. Tsohuwar dabara ce ma, wani Bafaranshe Denis Papin ya ƙera irinta tun 1679. In za ki saya ki kula da abu biyu dan Allah, kar wake da ruwansa su wuce rabin tukunyar don kumfarsa tana iya toshe hancin da tururi yake fita, kuma kar wata yarinya ta buɗe sai hucin ya gama sauka gaba ɗaya.

Tunda ana maganar kicin bari in ƙara wannan, man gyaɗa da ake suyar ƙosai yana kai 170 zuwa 180 bai tafasa ba, kumfar da ake gani in an saka ƙullu ruwan cikin ƙullun ne yake zama tururi. Ruwa kuma in ya zama tururi girmansa yana ninkuwa wajen sau 1,700, don haka in mai ya kama da wuta a kasko kar a kuskura a watsa ruwa, zai nutse ƙasa ya zama tururi nan take ya watso man mai ci da wuta ko'ina. A kashe gas a kifa murfin ƙarfe a kai.

'Yar Gangare:

Kai Alhamdulillah na gode ƙwarai Malam, na gode Yaya. Saura abu ɗaya, in aka tambaya a WAEC wanne zan rubuta?

Malamin Kimiyya, Bukuru:

In aka ce a wane digiri ruwa mai tsabta yake tafasa ba a ambaci wuri ba, 100 za ki rubuta ki ƙara da cewa a dannin iska na milimita 760 na zaiba, wannan ƙarin shi ke nuna kin fahimta. In kuma firatikal ne abin da kika auna za ki sa. Suna kuma son tambayar zanen nan na zafi da lokaci, layi ya hau, ya miƙe a kwance, ya sake hawa, ya sake kwanciya, duk inda ya kwanta abu yana canza kama ne, na farko narkewa na biyu tafasa.

Bakanike, Bauchi Road:

Salamu alaikum jama'a, Malam wannan karatu naka mu a gareji muna ganinsa da ido ko da ba mu san lissafinsa ba. Murfin lagireto ɗin mota in ka duba samansa za ka ga an buga lamba kamar 0.9 ko 1.1, ogana tun ina yaron shago yake cewa murfin nan ba don kar ruwa ya zube kawai aka yi shi ba, yana riƙe fresha ne, yanzu na gane dalili, irin tukunyar da ɗalibi ya faɗa ce, ruwan yana iya wuce 100 bai tafasa ba. Shi ya sa in robar murfin ta mutu mota take ta yin zafi tana cin ruwa, musamman in an taso daga Akwanga aka kama Hawan Kibo da lodi. Kuma ina roƙon direbobi dan girman Allah in mota ta yi zafi kar a buɗe murfin nan, na ga wanda ya ƙone fuska da ƙirji a haka, yana murɗawa ruwan ya yi tsiri sama, kenan fresha ce ta sauka lokaci ɗaya duk ruwan ya tafasa a take. A kashe mota a jira ta huce.

Tambayata ita ce silindar gas, in ana girki mai tsawo sai ka ga jikinta ya yi raɓa daga ƙasa ka taɓa ka ji sanyi ƙarara alhali wuta take bayarwa, kuma da asuba lokacin sanyin Disamba wutar ba ta ƙarfi in gas ya yi ƙasa, meye haɗinsa?

Malamin Kimiyya, Bukuru:

Madalla Oga, abin da ka faɗa akan lagireto haka yake. Silinda kuma abin da ke cikinta ruwa-ruwa ne, in ka girgiza za ka ji yana motsi, gaurayen gas iri biyu ne, butan da furofan, da aka matse. Butan a sarari yana tafasa ne a wajen digiri 0, furofan kuwa a 42 ƙasa da sifili, matsin cikin silindar ne ya riƙe su a ruwa. Kana buɗe kan risho matsin ya ɗan ragu sai ruwan ya fara tafasa a ciki yana ba da gas ɗin da kake ƙonawa, kuma tafasa dole sai ta sha ɓoyayyen zafi, babu inda za ta samo shi sai jikin ƙarfen da iskar da ke kewaye, shi ya sa ƙarfen yake sanyi har damshin iska ya kwanta masa ya zama raɓa. Inda raɓar ta tsaya ma kusan nan ne iyakar gas ɗin da ya rage maka.

Da hunturu kuwa daren Jos yana iya sauka ƙasa da digiri 10, ga silindar tana ƙara sanyaya kanta, in gas ya yi ƙasa yawanci butan ne ya fi saura don furofan ya fi saurin fita, shi kuma a irin wannan sanyin tururinsa ba shi da ƙarfin turowa sosai, sai wutar ta yi rauni. Wasu suna matso da ita kusa da murhu ko su kwantar da ita wai don ta kawo, duka biyun haɗari ne babba, zafi yana ɗaga matsin ciki, kwantarwa kuma tana iya turo ruwan gas ɗin kansa cikin tiyo wuta ta tashi. A bar ta a tsaye inda iska take shiga, in wutar ta yi rauni a kashe a ba ta ɗan lokaci ƙarfen ya dawo daidai, ko kuma a je a cika ta.